Aikin leza a kan ciwon dasashi a wani asibitin haƙori na Jidda: abin da na gani bayan wata 14

Na daɗe ina ganin jini a jikin asuwakina ban ɗauke shi a bakin komai ba, domin a tunanina duk wanda yake goge baki da itacen arak sau biyar a rana bai kamata ya ji tsoron ciwon haƙori ba. Abin da ya tashe ni daga wannan barci shi ne ranar da na ciji tsire a wajen wani ɗan'uwa a Shari'ul Mansur, na ji ɗaya daga cikin mataunana na ƙasa ya motsa kamar turken da ruwa ya zaizaye gindinsa. Shekaruna sun haura hamsin, ina da ciwon sukari, kuma a Makka nake zaune da iyalina tun ina saurayi. Likitan haƙorin mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwarmu, ya duba ni, ya ce abin ya fi ƙarfin wankin haƙori da aka saba yi, sai dai in nemi ƙwararre a kan dasashi, kuma in shirya wa tiyata. Jin kalmar tiyata a cikin baki ya sa na yi wata biyu ina ja da baya, har wani abokin aikina ya ba ni labarin wani asibiti mai zaman kansa a arewacin Jidda inda ake yin aikin da hasken leza, babu wuƙa babu ɗinki. Wannan asibitin nake so in yi bayani a kansa, saboda na san akwai 'yan'uwa da yawa a nan Hijaz da suke ganin irin wannan talla a waya suna tambayar ko gaskiya ce.

Ranar farko ba a taɓa ni da leza ba, kuma a yanzu ina ganin wannan rana ita ce ta fi kowace daraja a cikin duk kuɗin da na biya. Likitan, wanda ƙwararre ne a fannin dasashi, ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai zane-zanen milimita a jikinsa yana zura shi tsakanin kowane haƙori da namansa, wuri shida a kowane haƙori, yana faɗin lamba, mataimakiyarsa tana shigarwa a kwamfuta. Ya bayyana mini cewa a bakin mai lafiya zurfin wannan wuri ba ya wuce milimita 1 zuwa 3, amma idan ƙwayoyin cuta suka zauna a cikin dattin da ya daskare a gindin haƙori, wanda Larabawa ke kira jir, sai jiki ya yi ta yaƙi da su har naman ya saki haƙorin, ƙashin muƙamuƙi kuma ya fara narkewa a hankali ba tare da wani zafi na a zo a gani ba. Ramin da ke samuwa a wurin likitoci suna kiransa jaib da Larabci, wato kalmar da muka ara muka mayar da ita aljihu, kuma sunan ya dace, domin duk abin da ya faɗa ciki buroshi da asuwaki ba sa iya kai masa. A bakina an sami aljihuna masu milimita 6 da 7 a wurare da yawa, sannan akwai guda mai milimita 9 a jikin mataunin nan da ya motsa. Da aka haɗa wannan da hoton ƙashin muƙamuƙi, sai ya ce ciwona yana mataki na uku a cikin matakai huɗu na tsarin da ƙwararrun Amurka da na Turai suka amince da shi a taronsu na Chicago a 2017. Ya ƙara da cewa ba ni kaɗai ba ne, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya, fiye da mutum biliyan ɗaya, suna fama da matsanancin ciwon dasashi.

Kafin ya yarda ya sa mini rana sai da ya nemi gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku, ya ce idan sukarin ya yi sama da yawa ba zai yi aikin ba, ko da leza ko da wuƙa, saboda nama ba ya warkewa yadda ya kamata a jikin da sukari ya yi wa yawa, kuma ciwon dasashin shi ma yana dagula sukarin. Ya tambaye ni ko ina shan taba ko shisha, ko ina saka shamma, wato garin taba, a baki, na ce ban taɓa ba, goro ne kawai aibina. Wannan tsantseni ya sa na fara amincewa da shi, musamman ganin cewa a teburin karɓar baƙi abin ba haka yake ba. A can, tun kafin a san abin da ya kawo ni, wata ma'aikaciya ta miƙo mini takarda mai hotuna tana yi mini tayin abin da suke kira tauridul lissa, wato a ƙone baƙin dasashi da leza ya koma ja-ja, wai akwai rangwame idan na haɗa da sauran aikin. Baƙin dasashi irin namu halitta ce, ba cuta ba ce, kuma ban ji daɗi ba a ce asibitin da ya san haka ya bar ma'aikatansa suna tallata wa baƙar fata wannan abu kamar magani.

A zama na biyu likitan ya shimfiɗa mini hanyoyi biyun dalla-dalla. A tiyatar da aka saba, ana yanka dasashi a ɗaga shi kamar murfi, likita ya ga saiwar haƙori da ƙashi da idonsa, ya kankare dattin, ya gyara ƙashin ko ya cike gurbin da ya narke idan wurin ya dace da hakan, sannan ya mayar da naman ya ɗinke, a cire zaren bayan mako ɗaya zuwa biyu. Hanya ce tsohuwa da ta haura shekara ɗari, kuma salon da Ramfjord da Nissle suka gyara a 1974 har yau ana koyar da shi a makarantun likitancin haƙori. Illarta ita ce kumburi da zafi na 'yan kwanaki, da kuma ja da bayan da dasashi ke yi har haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, ruwan sanyi ya riƙa yi wa mutum zugi. Ita kuwa hanyar leza da yake bi, ya ce ta samo asali ne daga tsarin da ake kira LANAP, wanda likitocin haƙori biyu na jihar Kalifoniya, Robert Gregg da Delwin McCarthy, suka ƙirƙiro a shekarun 1990, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka kuma ta ba shi izini a 2004. Ana amfani da leza nau'in Nd:YAG, mai tsawon zango nanomita 1064, wadda haskenta ke bi ta cikin wani zare na gilashi da kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Hasken ya fi kama abu mai duhu da mai jini, shi ya sa yake cin rufin aljihun da ya kumbura, kuma yake kashe ƙwayoyin cuta masu baƙin launi irin su Porphyromonas gingivalis, waɗanda suke cikin manyan masu haddasa wannan ciwo.

Na tambaye shi kai tsaye, na ce, "Dakta, wanne ya fi?" Ya ce, "Ya Hajji, idan kana nufin wanne ya fi sauƙin sha, leza ce. Idan kana nufin wanne ya fi hujja a wajen masu bincike, tiyata ce." Ya gaya mini da bakinsa cewa ƙungiyar ƙwararrun dasashi ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2018, ta ga cewa ƙarin amfanin da leza ke kawowa a kan kankara ta yau da kullum kaɗan ne, bai kai milimita ɗaya ba, kuma ƙa'idojin da tarayyar ƙwararrun Turai ta fitar a 2020 sun ba da shawarar kada a ƙara leza a kan kankarar ƙarƙashin dasashi, sannan sun ce aljihun da ya rage da zurfin milimita 6 ko fiye bayan an yi kankara, tiyata ce ta dace da shi. Mutumin da zai ci riba idan na zaɓi leza shi ne ya karanta mini wannan, kuma ya sa a rubuta a takardar amincewa cewa mataunin nan mai milimita 9 yana iya buƙatar wuƙa daga baya, saboda ciwon ya shiga tsakanin rassan saiwarsa, wurin da babu na'urar da ke tsabtace shi da kyau a makance. Duk da haka na zaɓi leza, kuma ba zan ɓoye dalilina ba: tsoro ne, sai kuma aikina, wanda ba ya ba ni damar kwanciya mako-mako har sau huɗu, domin tiyatar kashi huɗu aka ce za a raba ta.

An yi aikin a zama biyu, ɓangaren dama a ranar farko, na hagu bayan mako guda, kowane zama ya ɗauki kusan awa biyu da rabi. Duk wanda ya ce maka aikin leza ba a yin allura, bai gaya maka gaskiya ba. An yi mini allurar kashe zafi kamar yadda ake yi wa mai cire haƙori, an sa mini tabarau mai duhu don kare ido, shi da mataimakiyarsa ma sun saka. Da farko ya bi kowane aljihu da zaren hasken, ina jin ƙara kamar ana ƙyasta ƙanƙara, da wani ɗan ƙauri da na'urar tsotsa ke janyewa. Bayan haka ya ajiye lezar ya ɗauki na'urar kankara mai girgiza da feshin ruwa, kuma a nan ne mafi yawan lokacin ya tafi, domin irin wannan leza ba ta cire jir, sai an bi saiwa ɗaya bayan ɗaya an kankare da hannu. Daga nan ya sake zura hasken da wani saiti dabam domin jini ya daskare ya zama guda mai kauri da zai toshe bakin aljihun kamar liƙi, ya danna naman a jikin haƙori, sannan a ƙarshe ya sa na ciji wata takarda mai launi, ya ɗan goge saman haƙoran da suka fi ɗaukar nauyi idan na haɗa baki. Wannan gugar ta ƙarshe ba a gaya mini ita ba tun farko, kuma abu ne da ba ya komawa, saboda haka ina ganin ya kamata a ce an yi mini bayaninta a ranar da na sa hannu, ba ina kwance baki a buɗe ba.

Mataimakiyar likitan ta cancanci a ambace ta. Da ta ji ina magana da uwargida a waya da Hausa, sai ta gaishe ni da "Sannu Baba, ya jiki?", ashe Bahaushiyar Sudan ce, iyayenta mutanen Mai Wurno ne a gaɓar Shuɗin Nilu. Ita ce ta zauna ta fassara wa uwargida dokokin bayan aiki da Hausa tiryan-tiryan, ta ce, "Mama, kwana goma kada ki bar shi ya sa buroshi ko asuwaki a wurin, kada ya tsotsi abu da tsinke, kada ya yi kurkura da ƙarfi ko a wajen alwala, domin idan gudan jinin nan ya fita, an yi aikin banza." Wannan magana ta alwala babu ita a takardar da aka buga da Larabci da Turanci, alhali ita ce abin da Musulmi zai fara cin karo da shi sau biyar a rana.

Warkewar ta zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Da allurar ta sake ni da dare na ji raɗaɗi da nauyi a muƙamuƙi, na sha maganin zafi na yau da kullum, washegari na huta, jibi na koma aiki. Fuskata ba ta kumbura ba. Abin da ya fi wahala shi ne abinci: kwana uku na farko koko ne marar sukari da laban, wato nono, da romon shurba da aka tace, daga nan aka koma ful, wato dafaffen wake, da aka dama sosai ba tare da burodin tamis ba, da ƙwai, da tuwo mai laushi da miyar kuka. Tsire, kilishi, goro da busasshen dabino kuwa an hana ni su fiye da wata guda. Ruwan kurkura na chlorhexidine da aka ba ni ya bar wa haƙorana da harshena launin ƙasa-ƙasa, ya kuma dushe mini ɗanɗanon abinci na ɗan lokaci, amma an goge launin a zuwa na gaba. A makonnin farko haƙoran sun ƙara girgiɗi kaɗan, hankalina ya tashi, na buga waya sau uku kafin a haɗa ni da wanda zai ce mini hakan yana faruwa kuma yana lafawa. Layin wayar asibitin dai abin takaici ne, haka ma jira: an ba ni ƙarfe biyar na yamma, na baro Makka da wuri a jirgin ƙasa na Haramain, amma ba a kira ni ba sai bayan Magariba, kuma wannan ya faru fiye da sau ɗaya.

Maganar kuɗi ita ce inda mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, zai fi jin jiki. Kamfanin inshorar da wurin aikina ya yi mana ya amince da hoto da kankara, amma ya ƙi biyan ɓangaren leza, ya ce ba dole ba ne a likitance, don haka daga aljihuna ya fito, kuma jimillar ta kusa ninka abin da aka ce mini tiyata za ta ci. A kan wannan akwai harajin kashi 15 cikin ɗari, wanda gwamnati ke ɗauke wa 'yan ƙasa a asibitoci masu zaman kansu amma baƙo shi yake biyan nasa, kuma farashin da aka fara faɗa mini a waya babu harajin a ciki. Ba a kuma gaya mini tun farko cewa zuwan da za a riƙa yi duk wata uku don tsabtacewa kuɗinsa daban ba ne, alhali likitan da kansa ya ce in babu wannan bibiya ciwon dawowa yake yi, da leza aka yi ko da wuƙa.

Likitan bai sake zura ƙarfen awo ba sai bayan wata tara, ya ce ba a son a dami wurin yana cikin haɗewa. Da aka auna, yawancin aljihunan da suke milimita 6 da 7 sun dawo 3 da 4, jini ya daina fita a kusan ko'ina, warin bakin da uwargida ta daɗe tana yi mini kara a kansa ya tafi, kuma dasashina bai ja da baya sosai ba, in ban da 'yan ƙananan giɓɓa da suka buɗe tsakanin haƙoran gaba na ƙasa. Gwajin sukarina ma ya ɗan sauka. Sai dai mataunin nan ya tsaya a milimita 7, yana jini, kuma idan aka danna mugunya tana ɗan fitowa. Kamar yadda aka rubuta tun farko, a kansa aka yi tiyata: an ɗaga naman, kuma likitan ya nuna mini a hoto wani dunƙulen jir da ya maƙale a tsakanin rassan saiwar, wanda haske da na'urar kankara duk suka wuce shi. Ta haka na ɗanɗana hanyoyin biyu a baki ɗaya. Tiyatar ta fi zafi, kuncina ya kumbura kwana uku, zaren ɗinki ya dame ni har aka cire shi a kwana na goma, kuma haƙorin ya yi wata biyu yana zugi da ruwan sanyi. Amma ba ta kai abin da na shafe wata biyu ina gudu ba, kuma ita ce ta ceci haƙorin da tun farko ya kai ni asibiti.

Tambayar da nake yi wa kaina ita ce nawa ne rabon leza a cikin wannan sauƙi da na samu, nawa ne kuma rabon awannin da ƙwararre ya yi yana kankare saiwoyina, da sauya yadda nake goge baki, da ƙananan burosan tsakanin haƙora da yanzu ba na kwana ban yi amfani da su ba. Bisa abin da likitan ya karanta mini, da abin da na gani a mataunin nan, na fi karkata ga cewa hannun likita da kankarar su ne suka yi babban aikin, lezar kuma ta sauƙaƙa mini kwanakin jinya ta rage zubar jini. Wannan sauƙi ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsoron wuƙa ko wanda ba zai iya barin aiki ba, amma ba shi ne abin da allon talla ke alkawari ba.

Wani ƙanena da ke Madina ya ji labarina ya je wani wuri kusa da shi inda aka rubuta leza a ƙofa, aka yi masa abin da bai wuce minti ashirin ba da wata ƙaramar na'ura, babu awo, babu hoto. Na'urorin leza iri-iri ne: akwai ƙananan da ake kira diode waɗanda yawanci ake yanka nama da su, akwai Er:YAG mai nanomita 2940 wadda ruwa ke shanye haskenta kuma tana iya taɓa jir da ƙashi, akwai kuma irin wadda aka yi mini da ita, kuma kowace idan ta faɗa hannun wanda bai ƙware ba zafinta yana iya ƙona saiwa ko ƙashi. Na ce masa ya koma ya tambayi nau'in na'urar, ya nemi a ba shi takardar awon aljihunansa a rubuce, ya kuma duba a shafin Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ko likitan an yi masa rajista a matsayin ƙwararren dasashi ko likitan haƙori na gama-gari ne kawai. Na yi wannan binciken a kan nawa likitan kafin in zauna a kujerarsa, kuma rajistarsa ta dace da abin da aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

Game da wannan asibiti na Jidda, likitan da mataimakiyarsa zan iya tura ɗan'uwana wajensu ba tare da fargaba ba, amma zan ce masa ya nemi jimillar kuɗi a rubuce har da haraji da zuwan bibiya, ya yi watsi da takardun tallan da ke teburin karɓar baƙi, ya kuma ware rabin yini ga kowane zuwa. Zuwana na gaba yana cikin watan gobe, kuma a ranar ne za a sake auna mataunin nan a karo na farko tun bayan ɗinkin. Na koma amfani da asuwaki a hankali, da izinin likita, bayan buroshi ba a madadinsa ba, goro kuwa yanzu sai an gurza mini shi.